Buhu bakwai na marayu da suka hau kaina lokacin IT

Kwanan baya wani ƙanena da ke jami'a ya kira ni, yana tambaya ko na san inda ake buga wa mutum hatimi a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa lokacin fita koyon aiki na IT, ba sai ya je wurin aikin ba. Na yi shiru har ya zaci layi ne ya yanke. Ban yi masa faɗa ba, don ba ni da bakin yi. Ni ma saura ƙiris na bi wannan hanya, kuma abin da ya hana ni ba abin alfahari ba ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta labarin yadda yake, da kunyarsa da komai.

A wani ƙauye na ƙasar Bunza aka haife ni, gidan manoman shinkafa. In na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, ƙafafunsa nake fara gani. Faso ya tsattsaga masa dunduniya har tsinke na iya shiga, kullum bayan isha'i sai ya shafa man kaɗe ya naɗe da tsumma. Yakan ɗaga min ƙafar ya ce, "Ka ga wagga? Ita nika yi maka gudu. Ka yi boko ka zamna inda hwanka ka juyawa." Da wannan magana na girma. Saboda haka da aka ba ni gurbin karatun aikin gona a 2018, alhali harhaɗa magunguna na nema, sai na ji kamar an yi min dariya. Shekara biyu cur, in an tambaye ni a gari me nake karantawa, sai in ce kimiyya, in kau da zancen.

Karatun bai tafi a miƙe ba. A 2020 korona ta rufe makarantu, yajin aikin malamai ya hau kai, sannan a daminar shekarar ambaliya ta cinye fadamun Kebbi. Shinkafar mahaifina ta fara fitar da kai ruwa ya shafe ta, ga bashin taki a wuyansa. Tun daga nan bai ƙara zama daidai ba, shekara na zagayowa ya rasu. A 2022 kuma aka sake zaman gida daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Da muka koma na shiga aji huɗu da gajiya a zuciya, ba abin da nake so sai takarda ta fito in huta.

Aji huɗu shi ne na fita koyon aiki, wanda a takarda ake kira SIWES, mu kuma muke cewa IT. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF ce ta kafa tsarin tun 1973, saboda masu ɗaukar aiki suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da ilimi a ka, hannu kuwa bai san komai ba. Makaranta za ta ba ka wasiƙa, kai za ka nemo inda zai karɓe ka, ka kawo takardar amincewa. Sai a ba ka logbuk ka riƙa rubuta aikin kowace rana, mai kula da kai a wurin yana sa hannu duk mako, wani malami daga makaranta ya zo ya duba ka, in ka dawo ka rubuta rahoto ka tsaya gaban malamai ka kare shi. Maki ne mai nauyi, in ka faɗi sai ka maimaita.

Na yi mako uku ina yawo a Birnin Kebbi da kofi goma sha biyu na wasiƙar nan a cikin fayil. Ofis nake so, ko kamfanin casar shinkafa, inda zan sa riga mai guga. A yawancin wurare ko ƙofa ban wuce ba. Mai gadi zai karɓi takarda ya ce oga ba ya nan, in dawo Litinin. Inda na samu shiga kuwa tambayar farko ita ce, "Wa ya turo ka?" Ni kuma ba wanda ya turo ni, mai turo ni yana kabari. Wuri ɗaya ne suka ce sun karɓe ni, amma ba su da kujerar da zan zauna, in riƙa leƙowa ran Juma'a ana sa min hannu. A lokacin ne wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, akwai mai hatimi, dubu biyar ce, sai in kwafi logbuk na wani da ya gama bara. Na ce zan yi tunani. Ban ce a'a ba.

Wani aminin mahaifina, ɗan kasuwar hatsi, shi ya ji halin da nake ciki, ya ce akwai ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye na ƙasar Argungu, suna da wani tsohon malamin gona mai ritaya da ke riƙe musu lissafi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ƙauyuka da yawa sun kafa irin waɗannan ƙungiyoyi, da rajista da asusun banki da hatiminsu. Ban taɓa sanin ana karɓar irin wannan wuri a matsayin wurin IT ba. Na tambayi malamin da ke kula da shirin a sashenmu, ya ce matuƙar suna da rajista, akwai mai ilimin fannin da zai sa min ido, kuma aikin ya shafi karatuna, ba matsala. Har ya ƙara da cewa da ɗalibai za su gane, da can za su riƙa tafiya. Ni dai na fito ofishinsa ina jin an mayar da ni cikin lakar da aka haife ni don in guje mata.

A watan Disamba na isa, hunturu na busawa. Aka ba ni ɗaki a jikin zauren Sarkin Noma. Na je da takalmi sau-ciki da rigar sanyi mai tambarin sashenmu, tun ranar farko kuma yara da manya suka fara ce min Malamin Gona. Sunan ya yi min daɗi fiye da kima. Malamin na gaskiya daga Argungu yake zuwa a kan tsohon babur, sau biyu a mako, sauran kwanaki ni ne mai boko a garin.

Noman rani ake shiri. Duk da ni ɗan fadama ne, da yawan abubuwan ban taɓa tsayawa na kalle su da kyau ba. Na ga yadda ake tayar da injin ban ruwa a kan 'yar rijiyar bututu: a ɗura masa ruwa ta sama har ya cika, a naɗe mahaɗar tiyo da tsohuwar robar taya, a liƙe da laka don kada iska ta shiga, sannan a ja igiya. In iska ta shiga, sai injin ya yi ta ihu yana shan mai ba ɗigon ruwa. Irin shinkafar da ake kira FARO 44 mafi yawansu ke shukawa. Littafi ya ce mako uku iri ke yi a wurin reno kafin a dasa, amma sanyin Janairu yakan riƙe shi ya ƙara kwanaki, su kuwa da ido suke gane ya isa. Na kawo ɗan abin da na sani. Na nuna musu gwajin iri, a ƙirga ƙwaya ɗari a naɗe a jiƙaƙƙen buhu a ga nawa za su tsiro kafin mutum ya zuba kuɗinsa. Na sa wasu suka dasa a layi da igiya, tazarar santimita 20. Gonakinsu suka yi kyau, aka fara nuna ni da baki, kaina ya ƙara girma.

Akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Matar ɗanta da ɗan nata sun rasu, sun bar mata jikoki huɗu, da gona ɗaya a fadama. Fura take damawa tana sayarwa. Kullum da safe sai ta aiko min da kwano guda, in na miƙa kuɗi ta ce, "Ɗan mutane na, baƙo ba ya sayen hura garinmu." Babban jikan, yaro ɗan shekara goma sha biyar, shi ke aikin gonar.

Cikin Fabrairun 2023 ciyawa ta taso musu, kamar mako biyu bayan dashe. Lokacin ne ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi, malamin namu ya yi kwanaki yana bin layin banki bai leƙo ba. Yaron ya same ni a zaure da kwalbar maganin ciyawa a hannu, irin mai furofanil da ake fesawa bayan shinkafa ta tashi, ya ce Gwaggo ta ce in faɗa musu yadda za a haɗa. Ina zaune ana hirar zaɓe, wayata na caji a jikin sola. Na tambaye shi girman gonar, ya ce kadada guda. Na karanta jikin kwalbar, na ga adadin da aka rubuta na hekta ɗaya, na buga lissafi a waya, na ce su ƙaro kwalabe, ga yawan da za a zuba a kowane goyo na injin feshi. Yaron ya ɗan tsaya. Ya ce, "Malam, mu gwangwanin madara guda muka sawa ga goyo." Na yi dariya na ce ai shi ya sa ciyawa ba ta mutuwa. Ya ce to, ya tafi.

Daga zauren zuwa gonar bai kai tafiyar minti ashirin ba. Ban je ba.

Kwana uku bayan haka aka aiko in zo fadama. Tun daga nesa na hango ta, don gonakin da ke kewaye kore ne shar, ita kaɗai ta yi ja kamar an bi ta da wuta. Ganyen ya ƙanƙance, bakinsa ya bushe, in ka murza sai ya ruguje a hannu. Mutane sun taru a kan kunya ba mai magana. Sarkin Noma ya tattare rigarsa ya fara taka gonar yana ƙirgawa a fili, tsawo taku tamanin, faɗi taku hamsin. Ina jin lissafin na san abin da na yi. Murabba'in mita dubu huɗu ke nan, wato eka ɗaya. Hekta kuwa dubu goma ce. Kadadar da yaron ke nufi daban, wadda na ɗauka daban, na sa an zuba wa gonar marayu magani ninki biyu da rabi. Sarkin Noma ya zo ya tsaya gabana ya ce, "Ɗana, an ce ido ba mudu ba na, amma ya san kima. Kai ko idon ba ka kawo ba."

Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta tsuguna ta tuge tushe ɗaya, ta wanke saiwar a ruwan fangali, ta daɗe tana kallo, ta yi salati ta miƙe ta tafi. Washegari da safe kwanon fura ya iso kamar kullum. Na ajiye shi a gefe har ya yi tsami.

A daren na kira abokin nan na ce ya yi min magana da mai hatimi. Na haɗa kayana, kafin kiran assalatu na sulale na kama hanyar bakin titi. Na so a ce zan iya rubuta cewa tsoron Allah ne ya juyo da ni, amma ba haka aka yi ba. Tsofaffin takardun dubu ɗaya ne a aljihuna, wa'adinsu na 10 ga Fabrairu ya wuce, direba na farko ya ƙi karɓa, na biyu ma haka, tiransifa kuwa babu sabis. Na zauna kan jakata a gindin wata bedi har rana ta ɗaga. A nan malamin gona ya same ni yana tahowa a babur. Ya dubi jakar, ya dube ni, bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Hau."

Kai tsaye gonar ya nufa da ni. Ya sa aka kira yaron, ya yi masa tambayar da ni ban yi ba: an fesa wani abu kafin maganin ciyawar? Yaron ya ce e, kwana huɗu kafin nan ya fesa maganin ƙwari. Malam ya juyo ya ce, me littafinku ya ce a kan wannan? Na sani sarai. Shinkafa tana da wani sinadari a jikinta da ke narkar da furofanil, shi ya sa yake kashe ciyawa ya bar ta. Wasu magungunan ƙwari suna danne wannan sinadari, saboda haka ake cewa a ba da tazarar kamar mako biyu tsakaninsu. Na taɓa amsa wannan a jarrabawa na ci. Ashe laifi biyu na yi a zama ɗaya.

Sai ya shiga gonar da wandonsa, ya riƙa ɓare tushe yana nuna min cikinsa. Wanda zuciyarsa ke kore zai farfaɗo, wanda ta yi ruwan ƙasa ya tafi. Ya ce a cika gonar da ruwa a sake shi, a sake cikawa, sannan a nemo iri a cike guraben da suka mutu. Duk wannan mai yake ci, man kuma a lokacin sai wurin 'yan bumburutu, su kuma sai da sabon kuɗi a hannu. Gwaggo ba ta da shi. Na bi malam Argungu na sayar da wayata, wadda da ita na buga lissafin, a kan kuɗin da bai kai rabin darajarta ba, don mai sayen yana da tsaba. Da shi na sayo mai a jarka.

Sarkin Noma ya kira gayya. Aka bi waɗanda suka makara da dashe ana roƙon ragowar iri, wannan ya ba da dami biyu, wancan uku. Ranar gayyar na tuɓe takalmi na shiga. Tun ina firamare rabona da in duƙa a laka yini guda. Matsattsaku suka kama ni a ƙwauri, bayana ya riƙe, samari na yi min waƙar shaguɓe ina ji ban ɗago ba. Daga ranar kullum ina gonar, ni da yaron, mu ke ban ruwa, mu ke cire ciyawa da hannu don ba wanda ya ƙara yarda a kawo kwalba kusa. Bayan mako uku dunduniyata ta tsage. Matar Sarkin Noma ta aiko min da man kaɗe a murfin kwalba. Ina zaune ina shafawa bayan isha'i, na ga hannuna na yin abin da hannun mahaifina ke yi, sai kuka ya ƙwace min. Tun rasuwarsa ban yi irinsa ba.

Logbuk kuwa na bar shafin wannan mako fari fat. Na so in rubuta "aikin feshin maganin ciyawa" in wuce. Malam ya ce in dai hannunsa nake so, sai na rubuta yadda aka yi, da adadin da na faɗa da wanda ya kamata. Na rubuta, shafi biyu. Cikin azumi, ana zafin Afrilu, malamin makarantarmu ya zo dubawa. Ya zauna a zaure ya karanta shafukan sau biyu, ya ce a kai shi gonar, ya tattauna da Gwaggo ni ina nesa. Bai ce min komai ba ya sa hannu. Sai ranar kare rahoto ya ce in bar abin da na shirya, in ba 'yan ajinmu labarin kadada. Aka yi dariya, wasu har yau Mai Kadada suke kirana. Abokina mai hatimi ya fi ni maki a wannan kwas, kuma ba zan ce abin bai yi min ciwo ba.

A watan Mayu aka yi yanka. Da yake dashen biyu ne, nunar ma biyu ta yi, sai da aka shiga gonar da lauje sau biyu, tsakanin nan kuma tsuntsaye suka ci rabonsu duk da gwangwanayen da muka rataya. Da aka buga aka sheƙe aka auna, buhu 15 aka samu. Bara waccan 22 ta ba su. Na tsaya gaban Sarkin Noma da malam na ce buhu bakwai ɗin nan suna kaina. A raina ina sa ran Gwaggo za ta ce ta yafe, don haka tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ɗana, da tawa ta, da na yahe tun ranar. Ta marayu ta. Ba ni da iko." Malam ya ɗauko littafin ƙungiya ya rubuta, na sa hannu.

Ina shirin barin garin aka cire tallafin mai, a ranar 29 ga Mayu. Na bar su a zaure suna lissafin lita nawa eka ɗaya ke sha daga dashe zuwa yanka, da ka, ba biro ba waya, kuma lissafinsu bai kuskure ba.

Na gama makaranta, na yi hidimar ƙasa, na nemi aikin ofis ban samu ba, daga baya ma na daina nema. Idon malam ya yi rauni, yanzu ni ke riƙe wa ƙungiyar littafi, ina da ɗan shagon iri da taki a bakin kasuwa. Mun fara karɓar ɗaliban IT, biyu ko uku a lokaci guda, fiye da haka ba za mu iya sa musu ido ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake cunkoso a ƙofar ofisoshi huɗu ko biyar a Birnin Kebbi, alhali ga ƙungiyoyin manoma, ga matan da ke turara shinkafa, ga masu albasa a Aliero, ga masunta a Yauri, ga asibitocin sha-ka-tafi da makarantun ƙauye masu neman hannu, ba mai zuwa. Amma ba na ce wa kowa ya ɗauki jaka ya faɗa ƙauye haka kawai. A wannan zamani sai ka bincika lafiyar hanya, sashenku ya san inda kake. Sannan ka tabbata akwai babba mai sanin aikin da zai riƙa ganinka, don a ofis in ɗalibi ya yi kuskure takarda ce ake yagawa, a ƙauye kuwa tuwon wani gida ne. Mutanen karkara suna girmama mai boko har su danne abin da suka sani saboda maganarsa. Yaron nan ya san gwangwani guda ne daidai, dariyata ce ta rufe masa baki. Ɗaliban da ke zuwa wurinmu, wata na farko ba su da izinin ba kowa shawara, kuma duk gonar da ba su taka da ƙafarsu ba, ba sa buɗe baki a kanta.

Ƙanen nawa na ce masa akwai ɗaki a jikin zauren Sarkin Noma in yana so. Ya ce zai yi tunani.

Bashin kuwa na biya buhu biyar, ɗaya ɗaya, biyu a shekarar da na samu sarari. Duk wanda na kai, Gwaggo sai ta sa an kira malam ya soke a littafi a gabanta, sannan ta dama min fura. Da na je da na shida a kakar da ta wuce, ta ce in mayar in ajiye mata a shago, da shi da na ƙarshen. Babbar jikanyarta an sa mata rana bayan Babbar Sallah, da su za a yi tuwon biki.